Mai Ganin Watan Toranke

Duk faɗin ƙasar Gaya da Ajingi ba a taɓa yin ido irin na Malam Garzali ba. Mutanen Toranke ne suka faɗi haka, kuma suna da hujja. Shekara ashirin da 'yan kai, duk ranar ashirin da tara ga wata, shi yake fara cewa "Ga shi can," tun sauran jama'a ba su gama murza ido ba. Jinjirin watan da bai kai farcen jariri kauri ba, Garzali zai tsinto shi ta tsakanin rassan ɗorawa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, a hanyar dawowa yakan yi tuntuɓe da turken akuyar gidansa, turken da shi da kansa ya kafa.

Manomi ne, gero da gyaɗa, kamar mahaifinsa. Dogo ne siriri, shan ruwa bai dame shi ba ko a tsakiyar bazara, kuma hannunsa kullum sanyi ƙalau. Haruna, abokinsa tun suna makarantar allo, bai taɓa musabaha da shi ya yi shiru ba.

"Kai Garzali, a cikin randa kake kwana ne?"

"Sanyin zuciya ne ya sauko hannu. Kai da taka ke tafasa ina za ka sani?"

Shekarar da hawan jini ya kwantar da dattawa biyu a unguwarsu, kowa ya ruga ƙaramin asibitin gari a gwada shi. Ma'aikacin ya ɗaura wa Garzali abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Baba, naka ma ƙasa yake. Je ka abinka." Garzali ya fito da wannan magana kamar an naɗa masa rawani. Har nasiha ya koma yi wa masu ƙiba a kan gishiri.

Matarsa Baiwa ce ta fara lura. Za ta ajiye masa kwanon tuwo a gefen hagu, ya zauna yana cigiyar abinci. A wani taron suna a ƙauyen Balan, surukinsa ya zauna dab da kafaɗarsa tun daga addu'a har rabon goro, Garzali bai ce masa uffan ba. Magana ta zagaya cewa ganin wata ya sa masa girman kai. Baiwa ba ta yarda ba. Rannan da hantsi ta tsaya a gefensa tana kaɗa faifai har hannunta ya gaji, shi kuwa bai gan ta ba, yana zura zare a allura, tashi ɗaya ya shige. Ta aika wa 'yarsu Haulat, wadda ke aure a Kano.

Garzali ya bi Haulat asibitin ido a Kano ne don a daina damunsa. Likitan ya auna ruwan idon, ya ce bai hau sosai ba, Garzali ya fara laluben hularsa. Amma likitan ya haska bayan idon ya daɗe yana kallo, sannan ya kama hannunsa ya riƙe.

"Baba, kullum haka hannunka yake?"

"Tun ina yaro."

"Jininka fa?"

"Ƙasa yake," in ji Garzali, yana gyara zama. "An gwada."

Likitan bai taya shi murna ba. Ya ce cutar sunanta gilakoma, tana cin jijiyar gani daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi ba ja. A yawancin mutane ruwan ido ne yake hawa ya danne jijiyar. A wasu kuwa, irinsa, hanyoyin jini ne ba sa bin ƙa'ida, suna tsukewa ba dalili, shi ya sa hannu yake sanyi. Ya tambaye shi ko ya taɓa noman rani. To, ya ce, ka ɗauka ruwan da ke shiga fangali ba shi da ƙarfi, bakin da zai fita kuma ya ƙuntata, ruwa ya taru yana tokare mai shigowa. Haka jini yake yi a bayan idonsa. Idon hagu ya riga ya tafi, saura kaɗan. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa, Baba. Wanda ya rage muke so mu riƙe. Wannan magani za ka ɗiga safe da yamma, kullum, ko da ruwan bai hau ba, don rage shi yana sassauta wa jijiyar. Bayan wata uku ka dawo."

Garzali ya yi godiya cikin ladabi. A mota ya ce wa Haulat likitan yaro ne mai kirki, sai dai bai san da wa yake magana ba.

Wata biyu ya yi yana ɗigawa. Maganin yana da raɗaɗi, yana barin ɗaci a maƙogwaro, kuma bai ga ya ƙaru da komai ba, wanda dama likitan bai ce zai ƙaru ba. Haruna ne ya kawo shawarar da ta kwanta masa.

"Shi likitan naka, ya taɓa ganin wata?"

"Ban tambaye shi ba."

"To bari watan Rajab ya raba gardama. In ka riga kowa, ai magana ta ƙare."

Ya riga kowa. Hanya ce ta gwaji mai tsafta, shaidu sun fi talatin, aibinta ɗaya kawai: ta gwada daidai wurin da cutar take bari sai ƙarshe. Da ya dawo ya ɗora kwalbar a kan katanga.

"Malam, maganin fa?" in ji Baiwa.

"Ke ba ki ji kabbara ba? Makaho ne ya gano musu?"

"Wata ba a gidan nan yake ba, Malam. Ni ce a gidan nan, kuma ba ka ganina."

Ya juya gaba ɗaya don ya amsa mata, ya tarar ta koma ɗaya gefen.

Shekara biyu aka yi a haka. Ya daina zuwa kasuwar Ajingi, wai hayaniya. Ya daina hawa keke, wai gwiwa. A gona ya sare gyaɗar kunya guda da fartanya yana zaton ciyawa ce, ya ce irin ne bai da kyau. Duk wata kuwa yana fita, yana gani, ana kabbara.

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, bayan magariba, jama'a suka taru a filin Idi. Wannan karon ya daɗe. Sai da ya riƙa share sama da kansa a hankali, layi-layi, kamar mai neman allura a tabarma. Can ya ɗaga yatsa.

"Ga shi can."

Kuma yana can ɗin. Aka yi kabbara, aka watse da gudu, wasu gidan dagaci, wasu gida a ɗora girkin sahur. Garzali ya sauke idonsa daga sama zuwa ƙasa, bai sami ƙasar ba. Ya tsaya. Ya ji ƙarar takalma tana nisa.

"Haruna!"

"Me kake ɗaga murya? Ga ni a gefenka tun ɗazu."

Haruna ya ja shi da hannun riga har ƙofar gida.

Bayan salla Haulat ta mai da shi Kano. Likitan ya haska, bai daɗe ba wannan karon. Bai yi faɗa ba, ya rubuta maganin nan dai na farko. Yanzu Baiwa ce take ɗiga masa safe da yamma, bai taɓa tsallake ko sau ɗaya ba.

Da azumi ya zagayo, a rediyo ya ji an ga wata.