Ranar da Kawo-nan Ya Zauna a Kan Hannuwansa

A gidanmu ba mai kiran babban yayana da sunansa na yanka. Kawo-nan muke ce masa. Tun yana sakandare, da ka ce wayarka ta ƙi, kafin ka rufe baki ya fizge ta. Ya danna nan, ya danna can, ya miƙo maka ta gyaru, ba bayani. In ka tambayi abin da ya yi, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Shekara biyu yana zaune ba aiki, sai wani babban kamfanin manhaja ya kira shi ganawa, a sashen da ke amsa kiran masu matsala. Ni na karanta wasiƙar a falo. Da na zo inda aka ce ta waya kawai zai taimaki mutane, ba zai taɓa na'urar kowa ba, Mama ta yi dariya har da tari. Ta ce ai an yanke masa hannu ke nan.

Muka shirya masa gwaji. Muka zaunar da Goggo, ƙanwar Baba, a falo da wayarta, shi kuma muka tura shi bayan ƙofa muka rufe. Goggo ta daɗe tana jin haushin fizgen nan, sai ta gyara zama. Ya ce ta shiga saiti, ta ce ta shiga. Ya ce ta danna na uku, ta ce ta danna, da muryar salihai. Minti ashirin yana zuba umarni, ƙofa har motsi take don ya jingina da ita. Can ya gaji, ya tambaye ta me take gani a gabanta.

"Fuskata, ɗana," in ji Goggo. "Ai a kashe take tun safe. Ba ka tambaya ba."

Ranar ganawa aka kai shi wani ɗaki mai bangon gilashi, tebur ɗaya, kujera biyu. Shugabar sashen ta ce ya ɗauka ita ce mai kira, manhajarta ta ƙi buɗewa, ta kuma ajiye kwamfutar daidai inda hannunsa zai kai. Ya rantse mana hannun da kansa ya tashi. Ya kamo shi, ya cusa duka biyun a ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai. Sannan ya tambaye ta a hankali me take gani a gabanta. Ashe ta cire intanet da gangan, kuma saƙon da ke nuna haka yana nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutar.

Da suka gama ta tambayi dalilin wannan irin zama. Bai yi ƙarya ba, ya ba ta labarin Goggo tun daga farko. Matar ta yi dariya har ta cire tabarau.

Yau shekararsa huɗu a can, abin saurare a kunne, an ce har sababbi yake koya wa haƙuri. Mu ne dai muka shiga uku, don ya daina taɓa wayar kowa. Jiya Mama ta miƙa masa tata, ya mayar da hannu baya, ya tambaye ta me take gani a gabanta.

"Ina ganin ɗan da na haifa yana raina ni," in ji ta. "Karɓi nan."

Ya karɓa da hannu biyu.