Kwamfutar Malama Habi a Lafagu

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da abokan aikina biyu, dukkanmu masu kula da rumbun bayanai. Saƙo ne ya shigo guruf ɗinmu na masu wannan sana'a: kwamfutar wata ƙungiyar makiyaya a Lafagu ta mutu, ga shi jibi masu rigakafin shanu za su zo. In babu jerin garkunan da aka yi wa allura, babu takardar tsallakawa da dabbobi kiwo Benin.

Hantsi ya yi mana a Bagudo. Muka ci soyayyen kifin Kwara mai zafi, a kuɗin da ko kan kifin ba za a ba ka ba a Birni. Daga nan sai kabu-kabu, ta cikin gonakin shinkafa kore shar. Da muka matso iyaka wayata ta yi mini maraba da Faransanci, intanet kuma ta ɗauke.

Malama Habi, wadda ke riƙe da bayanan ƙungiyar, ta tarbe mu da fura da nono. Ni na riga na shirya wa'azina kan sakaci. Na ce, “Malama, da kin ajiye kwafi, da ba mu zo nan ba.”

Ta kwance bakin zanenta ta ciro filashi. “Malam, kullum in zan tashi sai na kwafe. Akwai filashi na biyu a gidan yayata a Matsinkai, ko da gobara. Ran Juma'a kuma nakan buɗe shi a kwamfutar wani malamin makaranta, in tabbatar yana da rai. Injin da zan yi aiki da shi ne babu.”

Na haɗiye wa'azina. Muka loda bayanan a kwamfutar da muka zo da ita, komai ya fito. Sai ɗaya daga cikin abokan aikina ya ga Muhammadu Bello har bakwai, ya ce maimaici ne, zai goge shida.

“Kada ka taɓa!” in ji ta. “Mutum bakwai ne. Dubi layin gefe.”

Ashe kowa ta ba shi lambarsa, ta haɗa da laƙabinsa da shaidar da ke jikin shanunsa. Wani dattijon makiyayi da ke zaune a bakin ƙofa ya leƙo. “Ni ne na huɗu, mai tsagar kunnen hagu. Ina nan ciki?” Ta nuna masa layinsa. Ya yi hamdala, ya tashi ya nufi garkensa.

Muka bar mata aron kwamfutar, muka sa lambar wayarta a guruf ɗinmu, muka kamo hanya bayan azahar.

Na koyi cewa kwafin da ba ka gwada ba, ba ka da shi, kuma suna kaɗai ba ya bambance mutum. Da na iso gida na buɗe kwafin ajiyar ofishinmu, wanda na yi wata huɗu ina bugun ƙirji da shi. Ya ƙi buɗuwa. Washegari ni ne na kira Malama Habi neman shawara.