Tabarma a Kan Farin Tayil

Ni kafinta ne a Kankara, ƙofa da gado da benci na sani. Boko ban yi nisa ba. Da mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da yara, sai ta sayar da gonarta ta gado a Yargoje, ta ce shagon kaya masu tsada za ta buɗe: shadda, leshi, atamfa ta manya. Na ce mata gona ba ta ruɓewa. Ba ta ji ba.

Ta zo da hoto a waya, wani shago na ƙasar waje. Ƙasa fara fes, fitilu a cikin kantocin jera kaya, madubi daga sama har ƙasa, kowace kanta turmi ɗaya tak, kamar ana tsoron su yi faɗa.

"Yaya, haka nake so."

"Ina sauran kayan?"

"Ɓoyewa ake yi. Abu mai daraja ba a jibge shi kamar buhun masara."

Na yi mata. Gaskiya ni ma aikin ya shiga raina. Na nemo mai tayil, na goge katako har yana ɗaukar ido, na fitar da tsohon bencin da muka tarar tun da babu shi a hoton. Ranar da aka kunna fitilu na daɗe a tsaye ina kallo.

Aka buɗe bayan kaka, lokacin da manoma ke da abin hannu, ana haɗa lefe. Mutum zai zo bakin ƙofa, ya yi sallama, ya dubi tayil, ya dubi ƙafarshi, ya ce a gai da gida, ya wuce. Wani ma cewa ya yi ya zaci asibiti ne. A kasuwa ana ta yi da ni, wai na gina wa ƙanwata ɗakin da ba a shiga. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, gona ta tafi, yara na ci, ita kuma tana zaune ita kaɗai tana goge madubin da ba wanda ya duba. Ta rame. Har ta fara zancen rufewa.

Ran nan murfin wata kanta ya kumbura, ya ƙi rufuwa. Na zo gyara. Don kada guduma ta fasa mata tayil, na shimfiɗa tsohuwar tabarmata tun daga bakin ƙofa, na baje kayan aiki, na zauna, dama bayana na ciwo. Sai ga wani dattijo mai fataucin shanu daga Mairuwa, na taɓa yi mashi ƙofa. Ya leƙo.

"A'a, kafinta! Ashe ana zama a nan?"

"Bismillah, Alhaji."

Ya tuɓe takalmi, ya taka tabarma, ya zauna. Muka gaisa, muka taɓo tsadar taki da halin da hanya ke ciki. Can ya ɗaga kai.

"Hajiya, waccan shaddar ta kallo ce ko ta sawa?"

"Ta sawa ce, Baba."

"To sauko da ita mana, ba na sayen saniya daga nesa."

Ta dubi garin katakon da ke jikina, ta dube ni. Na ce, "Ke, sauko da ita." Ta sauko da ita, dattijon ya murza, ya shinshina, ya ɗaga ta a haske, ya kushe ta kamar yadda ake yi. Suka ja ciniki har aka kira la'asar. Ɗanshi zai aurar, rabin lefen a nan ya haɗa. Kafin ya tashi wasu biyu sun ga takalmi a ƙofa sun shigo.

Da suka tafi ta zauna a gefen tabarmar, ta ce, "Yaya, kada ka naɗe ta."

Daga baya na yi mata benci gajere, ta dage sai an shafa mashi farin fenti don ya dace da hoton. Na shafa, ban yi musu ba. Fitilu da madubi suna nan, turmi ɗaya a kowace kanta yana nan. Shagon bai sa ta kuɗance ba, amma yara na makaranta, ta daina zancen rufewa, ni ma na daina canza hanya in na hango ƙofarta.

Tabarmar kuwa har yau ba ta mayar mani ba. Na saya wata.