Layi Huɗu a Aljihun Mai Makulli

Shekara talatin da biyu mai makulli ya yi a rumfarsa ta bakin titi yana yanka wa mutane makulli. Mutum ne mai dogon zance. In ka tambaye shi hanya, sai ya fara maka daga shekarar da aka yi titin. Ba wanda ya zaci zai rubuta labari, har shi kansa, sai da ciwo ya kwantar da matarsa a asibiti ta daina cin abinci. Likita bai ɓoye masa ba: in ba ta ci, magani ba zai yi komai ba.

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, duk a banza. Wata rana yana ba ta labarin wani da ya kulle kansa a banɗaki, sai ya ga ta karɓi cokali biyu ba ta ma sani ba. Da yake ya san bakinsa ba shi da linzami, ya sayi littafin rubutu, ya riƙa tsara labarin a rumfa kafin lokacin ziyara.

Na farko barci ya sa ta. Da ta farka ta ce, "Tsoho, shafi biyu kana kwatanta min ƙofa. Ba wanda zai shigo ne?"

Washegari ya shigo da mutum tun layin farko.

"To, ya shigo. Me yake nema? In ba abin da ya dame shi, ni me zai dame ni? Kuma ka bar min wa'azin nan na ƙarshe. Ciwo gare ni, ba wauta ba."

Yakan ji haushi, amma ya san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya soke, ya rage, har labaransa suka fara kama ta. Sannan ya gano dabararsa ta kansa: daidai inda labari ya yi daɗi sai ya rufe littafi ya ce, "Gobe ki cinye, ki ji saura." Ta zage shi, ta kira shi mugun tsoho, gobe kuma ta ci. Cokali bakwai, cokali goma. Bai taɓa alfahari da wani aiki nasa kamar wannan ba.

Labarin ƙarshe na wata mata ne da ta tsinci wasiƙa a akwatin mahaifiyarta, an rubuta sunanta a baya. Ta yage ambulan ke nan ya rufe littafi.

"Ƙarasa min yau," in ji matarsa. Ba zagi a ciki, kuma muryarta ta yi ƙasa.

"Gobe."

"Tsoho, yau dai."

Ya dubi farantin, ko rabi ba ta ci ba. Tsoro ne ya kama shi, ba mugunta ba: in ya ba ta ƙarshen yau, gobe me zai sa ta buɗe baki? Ya yi dariyar dole, ya yage shafin ƙarshe ya sa a aljihu don kada 'yarsu ta karanta mata a bayansa. Matar ta dube shi, ta dubi aljihun, ba ta sake roƙo ba.

Da safe ya tarar da 'yar a bakin ɗakin, da jakar kayan uwarta a hannu, an riga an cire zanen gadon.

Har yau yana rumfarsa. Masu son rubutu kan tsaya neman shawara, ya ba su maganganun matarsa kalma da kalma. In suka tambaye shi ko yana da kyau a ja wa mai karatu rai, sai ya ce shi wannan bai sani ba. Baƙin cikin bai sake shi ba. Layi huɗu ne a shafin nan. Ya karanta su da ƙarfi shi kaɗai, yana duban agogo, ba su kai minti ɗaya ba.