Ankar da ke Damtsen Yaya Gwadabe

An ƙi yi wa yayana Gwadabe sallar jana'iza. Yanzu haka gawarsa tana mutuware kamar marar dangi, saboda wani zane da aka gani a damtsensa.

A Dutse Uku, nan Jos, aka haife shi, babanmu leburan kuza ne. Yana saurayi ya bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya sami aiki a jirgin ruwa, can ƙasa wajen inji. Ya yi kusan shekara ashirin a kan teku. Da ya dawo sai ya kama gyaran injin niƙa a Anguwan Rogo. Duk sanyin Jos, ba a yin asuba babu shi a sahun gaba. Lasifikar masallacin ma shi yake gyara ta kyauta. Kullum cikin riga mai dogon hannu yake, ya san halin mutanenmu.

Ni ya taɓa nuna min zanen. Na ce, "Yaya, wannan ƙugiyar fa?" Ya yi dariya ya ce anka ce, ƙarfen da ake jefawa ruwa don jirgi ya tsaya. Ba a zana wa ma'aikaci ita sai ya ƙetare babban teku ya dawo da ransa. In kuma mutum ya faɗa ruwa, da ita ake gane ɗan jirgi ne. Ya ce ƙuruciya ce, ya tuba, amma allura da tawada ba sa jin sabulu.

Ranar Talata ya faɗi a gaban inji, rai ya yi halinsa. Malam Bappayo mai wankan gawa yana cire masa riga ya ga zanen, ya ja da baya yana salati, ya fito zaure ya ce, "Kuros ne a jikinsa, gicciye!"

Na leƙo na ce, "Malam, ka dubi ƙasanta, ai lanƙwashe take. Anka ce."

"Anka? Garin Anka dai na sani, can ƙasar Sakkwato. Ke Safara'u, koma cikin mata."

Na aika aka kira Ambrose mai sayar da taya, wanda suka yi jirgi ɗaya. Bawan Allah ya zo a guje yana hawaye, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna tasa. "Ga tawa, iri ɗaya! Oga Gwadabe ko hadari ya taso sai ya yi sallah."

Ashe na ƙara ɓata lamarin. Wani daga baya ya ce, "To kun gani, irin ta Kirista ce." Mutane suka fara saka takalma. Liman Usumanu ya ce sai an yi bincike, aka jingine makara a bango. Da rana ta yi zafi, dole muka kai shi mutuware.

Binciken me? Mutanen da iyakar ruwan da suka sani shi ne kududdufin kuza, su ne za su yanke hukunci a kan kayan jirgi? In zanen laifi ne, tsakaninsa da Ubangijinsa ne, bai fitar da shi daga addini ba. Wannan ko ni da na tsaya a sakandare na sani.

Liman, kai ka ga goshinsa a ƙasa a bayanka shekara da shekaru. Ka tura Malam Bappayo ya ƙarasa wankan da ya fara, ka tsaya gaba ka sallaci yayana yau, kafin la'asar.