Tumakin da Inna Tambaya Ta Kai Fadama

Duk matar da ta yi zaman aure a unguwarmu ta 'Yankuzo a wancan lokaci ta san Inna Tambaya. Mu matan kulle ne, gidajen kuma ba fili, don haka in mace ta samu 'yar tunkiya sai ta aika da ita gidan Inna. Can za ta yi kiwo, can za ta kwana, in ta haifi biyu ɗaya na mai kiwo ne.

Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuma ba su tsaya mata ba. Gajeruwa ce mai faɗan tsiya. Ka tambaye ta lafiyar tunkiyarka sau biyu, sai ta ce ka zo ka kwana da ita. Amma shekara ashirin da wani abu ba a taɓa jin ta yi wasa da dabbar wani ba, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Wannan shaidar ita ce duk abin da ta mallaka. Da ita take ci, da ita take shiga kowane gida kanta tsaye.

A ƙarshen daminar 1998 wasu masu binciken cutar dabbobi suka taso ta Gusau suna bin ƙauyuka, suna ɗibar jinin tumaki. Kafin su iso mana, labari ya riga su daga Kwatarkwashi, wai duk tunkiyar da suka soka wa allura sai bakinta ya kumbura ta mutu. Mai unguwa ya yi shela a kai kowace tunkiya dandali ranar Talata.

Inna Tambaya tana riƙe da goma sha huɗu, har da tawa. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ranar Litinin ta kora su fadama, ta ɓoye su a bukkar ƙanenta cikin gonar rake, bakin ruwa. Da mai unguwa ya aika a tambaye ta, sai ta ce ai mutanen sun tare ta a hanya sun riga sun ɗibi na garkenta. Wa zai ƙaryata Inna? Kwana huɗu ta yi can da su, sai da motar ta bar gari ta dawo.

Bayan mako guda aka fara. Tunkiya ta ƙi ci, leɓe ya kumbura, yawu na dalala, tana ɗingishi. Ta Lantana maƙwabciyata har harshenta ya yi shuɗi ya leƙo waje. Takwas cikin garken Inna suka kwanta, uku suka mutu. Unguwa ta ɗauki zafi, kowa na cewa allurar nan ce.

Ana cikin haka sai ga motar ta dawo, sun zo ɗibar jini karo na biyu. A ƙofar gidanmu aka tare su, ni kuwa ina bayan katanga ina leƙe ta wata kafa. Maza sun fi talatin, wasu da sanduna. Maigidana ne ya cakumi wuyan rigar babbansu, wani siririn likitan dabbobi da ake kira Malam Mahadi.

"Kun kashe muna bisashe, kuma kunka dawo?" in ji maigidana.

"Alhaji, ka yi haƙuri ka saurare ni," Malam Mahadi ya ce. "Cutar shuɗin harshe ce. Ba allura ke kawo ta ba, ƙyashi ne, ƙwaron nan ɗan mitsitsi na bakin ruwa. Shi ke cizon wannan ya kai wa waccan. Ku nuna mini garken, duk wadda muka ɗibi jininta akwai shuɗin fenti a bayanta."

Wani ya ce ruwan sama ya wanke fentin. Wani ya buga sanda a jikin mota, direban ya kulle kansa ciki. Na ga hular Malam Mahadi a ƙasa ana tattaka ta.

Inna Tambaya tana tsaye can gefe da igiya a hannu. Wallahi da ta yi shiru da ba mai sanin komai har abada. Na ga ta juya kamar za ta tafi, ta yi taku biyu, ta tsaya. Sai ta kutsa cikin maza.

"Shu'aibu, sake yaron ga," ta ce wa maigidana. "Ba su taɓa ko guda ba. Ni na kai su hwadama na ɓoye. Ƙarya na yi ma mai unguwa."

Malam Mahadi ya gyara rigarsa, ya tambaye ta a hankali ko a bakin ruwa suka riƙa kwana. Ta ce e. Ya sunkuyar da kai. Mazan suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani.

Shi da aka ci wa mutunci, shi ne ya bi ta gida ya wanke wa marasa lafiyar baki, ya ce a tsare su a inuwa, a riƙa yin hayaƙi da yamma. Sauran biyar ɗin duk sun tashi.

Amma kafin Juma'a garken ya watse. Ba wadda ta je ta zage ta, kowa dai aikawa ta yi a karɓo tata. Inna ta koma dakau a gidajen mutane, shekara biyar tana yi har Allah ya karɓi abinsa. In ta shigo gidanmu sai ta tsaya daga zaure tana ta sallama, sai an ce ta shigo.

Har yau abin yana ci mini rai. Tawa tunkiyar ko tari ba ta yi ba, kuma ni kaɗai ce macen da ta ga abin da Inna ta yi a ƙofar gidan nan da idonta. Ni ce kuma na fara aikawa a karɓo.