Shekarar da Hausarta ta tafi

Mutanen unguwarmu a Yelwa sun ɗauke mu zawarawa biyu da suka haɗa hannu suna bandar kifi, mu kuwa muka bar su a haka. Ɗaki biyu ne a gidan. Ɗaya kwandunan kifi ke kwana a ciki, ɗaya mu. Yanzu da na tsufa ba wanda nake jin tsoro, don haka bari in faɗa: abin da ke tsakanin miji da mata shi ke tsakaninmu, tun kafin a sauke tutar Turawa.

Ita Bagungiya ce, a wani gungu tsakiyar kogin Kwara aka haife ta, inda ruwa ya kewaye su ta ko'ina. Amma Hausa a bakinta, tabɗi! Ta fi ni iya baƙar magana. Ni kuwa shekaru goma sha muna tare, abin da na sani a Gunganci bai wuce gaisuwa da zagi guda biyu ba. In ta ce in koya, sai in ce mi zan yi da shi?

Ciwon kai ya fara mata a shekarun da ake ta maganar ana gina madatsa a Kainji. Muka yi rubutu, muka yi hayaƙi, ba sauƙi. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi gab da wutar banda na kai ta wurin likita, shi kuma ya ba mu takarda zuwa Ibadan. A motar da ke kai kifinmu kudu muka tafi. Can suka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, suka buɗe kan suka cire. Wata biyu ina kwana a barandar asibiti.

Na dawo da ita da rai, alhamdu lillahi. Kanta a aske, ga tabo daga goshi zuwa bayan kunne kamar ɗinkin ƙwarya. Hannun dama ba ƙarfi. Waɗannan duk na shirya musu. Abin da ban shirya wa ba shi ne Hausarta ta tafi. In na yi magana a hankali tana ɗan ganewa, amma in ta buɗe baki, Gunganci ne zalla ke fitowa, harshen Innarta.

Ni ke mata wanka. Ni ke dama kunu in ba ta a baki, in ɗaura mata kallabi yadda ba zai danne tabon ba, in riƙe ta mu taka daga ƙofar ɗaki zuwa rijiya, mu huta, mu dawo. Ta yi ta yi min magana ina cewa “Mi? Mi kika ce?” Tana son ruwa in kawo bargo, tana son fita in kawo magani. Wata rana haushi ya sa ta jefe ni da ludayi da hannun hagu, ta kuwa same ni. Na ji daɗin jifar nan, wallahi, don na san har yanzu tana nan ciki.

Sai ga mai albasa. Ƙawarta ce tun suna yara, gungunsu ɗaya, tana shigowa da albasa a jirgi ranar kasuwa. Doguwa, mai wushirya, mai dariya kamar ita kaɗai Allah ya ba haƙora. Ta shigo dubiya, ta durƙusa bakin tabarma ta faɗi kalma uku, sai na ji abin da rabona da ji tun kafin Ibadan. Tawa, abokiyar zamana, ta ƙyalƙyale da dariya.

Ya kamata in yi murna, ko? To ban yi ba. Kishi ne ya kama ni.

Daga ranar kasuwa ta koma zuwa duk bayan kwana biyu. Su zauna a inuwar ɗaki suna ta zuba, ni ina bakin wuta hayaƙi na cin idona, kunnena yana wurinsu, ba na tsintar komai. Kunun da nake fama ta sha rabi, a hannun mai albasa sai ta shanye tas. Har kallabin take kwance mata tana duba tabon, tana shafa gefensa da ɗan yatsa. Kan da na yi wata biyu ina gadi! Wani lokaci su dube ni tare su sake fashewa da dariya. Wata rana na ƙona tarwaɗa kwando guda, don na ƙi matsawa daga inda nake hango su.

Da ta tashi tafiya na bi ta zaure.

“Baiwar Allah,” na ce, “gidan nan ba tashar jirgi ba ce. Likita ya ce surutu na taɓa mata kai. Ki ɗan ɗaga mana ƙafa.”

Ƙarya nake yi, ba likitan da ya faɗi haka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki kwandonta ta fita.

Tawa ta jira ta kwana biyu, idonta a ƙofa. A na uku ta dube ni, na sunkuyar da kai, ta gane. Ta juya fuskarta bango. Ba magana, ba jifa, ba zuwa rijiya. Kunu sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Kwana tara muka yi a haka, ni da taurin kaina ina cewa za ta huce. Da na ga wuyanta ya fara ramewa na saɓi mayafi na nufi kasuwa.

“A'a, Bahausa!” in ji mai albasa, tana ta gyara kashin albasarta ko ɗagowa ba ta yi ba. “Likitan naki ya canza magana?”

Na haɗiye abin da ya zo bakina, na ce ta yi wa Allah ta zo. Ta zo. Na koma bakin wutata ina jin su, ina cin raina.

Ana haka maganar ruwa ta zama gaskiya. Aka ce duk gungunan nan za su nutse, an gina wa mutanensu sababbin gidaje can gaɓa ta wajen Ngaski, kowa ya kwashe nasa ya nasa. Wata rana da azahar yayan abokiyar zamana ya yi sallama, dattijo mai furfura, mai albasa na biye da shi. Jirginsu na bakin ruwa da kaya.

Ya yi min godiya mai yawa, irin wadda ake yi wa baƙo. Sannan ya ce ƙanwarsa ba ta da miji, ga larura, ga shi bakinta ya koma gida. Zai tafi da ita cikin danginta, inda in ta ce ruwa za a ba ta ruwa.

“Yaya, ai tana samun sauƙi a nan,” na ce.

“Mun gani, Allah shi saka. Amma ke ba ki jin abin da take faɗi.”

Mi zan ce? Ni wace ce a wurinsa? Abokiyar sana'a. Ba ni da igiyar aure, ba ni da jini, ba alƙalin da zan kai wa ƙara. Kuma gaskiya ya faɗa.

Ya juya ya yi mata magana da harshensu. Ta gyara zama ta fara amsawa. Ta daɗe tana magana, tana tsayawa tana neman numfashi, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Rayuwata ake yankewa a tsakar gidana, ni ina zaune kamar turmi. Sai fuskoki nake bi. Mai albasa ta rufe baki da gefen zane. Na ce shi ke nan, murna take ɓoyewa, ta samu abin da take so. Na rantse da a ce akwai taɓarya kusa da ni, da an ji mu a unguwa.

Dattijon ya sake tambaya, ta sake amsawa, gajere. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

“To, Allah shi ba da lafiya,” ya ce da ni, ya fita.

Tawa ta nuna a raka su. Tun da muka dawo ba ta taɓa wuce rijiya ba, amma ranar nan ta jingina da ni muka taka har bakin ruwa, muna hutawa a hanya. Ana kwance jirgi na ja mai albasa gefe.

“Don Allah, mi ta ce?”

“Yau kuma kina son surutuna?” Idonta ya yi ja, ashe kuka take ɓoyewa ɗazu. “Ta ce ita tana da dangi cike da jirgi, ke kuwa ba ki da kowa sai ita. Ta ce in ta tafi wa zai kula da ke.”

Ni da nake zaton ni ke jinyarta.

“Can inda za mu da nisa,” in ji mai albasa. “Ba zan riƙa zuwa ba. Kin huta.”

Ta shiga jirgi suka tura. Tawa ta yi ta kiran wani abu da ƙarfi, mai albasa na amsawa daga kan ruwa, har muryar ta daina isowa. Sannan ta zauna a kan yashi ta fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, ko ranar da za a shiga da ita ɗakin aiki. Duk mai jin maganarta a duniya yana cikin jirgin nan, ta kuma bar shi ya tafi saboda ni.

Na durƙusa na riƙe ta. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, amma ba zan yi ƙarya ba, kishin bai sake ni ba. Ni ta zaɓa, kukan kuwa na wata ne. Ta ɗago tana faɗa min wani abu cikin hawaye, ta maimaita, ta sake maimaitawa tana girgiza hannuna. Na waiga in tambaya, babu kowa a bakin ruwan sai mu biyu.